Yaƙin Karama: Wuni Ɗaya da Ya Ruɗi Kowa

A cikin duk gwabzawar da aka yi tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa, babu wadda nake yawan komawa kanta kamar wani artabu da bai cika kwana guda ba. An fara shi da asubahin ranar Alhamis, 21 ga Maris, 1968, kafin dare ya yi nisa kuma an tashi. Wurin da aka yi shi wani ƙaramin gari ne a kwarin Kogin Jodan, ta ɓangaren gabas, mai suna Karama. Kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe, domin tushenta ɗaya da karamci da karramawa; a bakin Larabawan can tana nufin mutunci. Sunan nan kaɗai ya yi wa masu yaɗa labarin rabin aiki.

Wata tara kafin wannan rana, a Yunin 1967, Isra'ila ta karya rundunonin Masar da Siriya da Jodan cikin kwana shida, ta ƙwace Gaɓar Yamma da Gabashin Ƙudus da Gaza da Sina'i da tuddan Golan. Ƙungiyar Fatah ta Yasir Arafat ta yi ƙoƙarin tayar da bore daga cikin Gaɓar Yamma, abin bai yiwu ba, sai ta ja da baya ta kafa sansani a Karama, inda 'yan gudun hijira suke da yawa. Daga nan mayaƙanta ke tsallaka kogi da dare su kai hari su dawo. Ranar 18 ga Maris wata motar 'yan makaranta ta taka nakiya a kudancin Isra'ila, manya biyu suka mutu, yara suka jikkata. Kwana uku bayan haka tankokin Isra'ila suka haye gadar Alenbi da ta Damiya.

A takarda, shirin ba shi da aibu. Tankoki za su rufe garin ta arewa da kudu, a sauke sojojin laima da jirage masu saukar ungulu a tsaunukan gabas su toshe hanyar gudu, a rusa sansanin, a kama shugabanni, a koma gida. Amma dukan shirin ya rataya ne a kan zato guda: cewa sojojin Jodan, waɗanda suka sha kashi bara, za su naɗe hannu su yi kallo. Har takardu aka watso musu daga sama ana gaya musu ba da su ake yi ba. Ba su naɗe ba. Rundunar da Mashhur Hadisa al-Jazi ke jagoranta ta riga ta ga alamun taruwar dakaru a ƙetaren kogi, ta girke manyan bindigoginta a kan tuddai, ta yi ta ruwan wuta a kan mashigai. Hazo kuma ya jinkirta jiragen, Arafat ya sulale.

Su ma Fatah sun yi abin da ya saɓa wa ƙa'idar yaƙin sari-ka-noƙe. Darasin farko na wannan salon yaƙi shi ne idan wanda ya fi ka ƙarfi ya taso, ka bar masa fili. An ba su shawarar su hau tsaunuka, wasu ƙungiyoyin sun hau, su kuwa suka tsaya. A ma'aunin soja wannan ganganci ne. Amma Arafat ba lissafin soja yake yi ba. Ya fahimci cewa bayan kunyar 1967 duniyar Larabawa ƙishirwar mutum ɗaya take yi wanda za a ce bai gudu ba.

Duk shekarar da na kawo wannan yaƙi a aji, sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to wa ya ci?" Nakan rubuta musu adadin a allo in bar su da shi. An rusa sansanin ƙurmus. Falasɗinawa sama da 100 sun mutu, an kama sama da 100. Jodan ta rasa sojoji gommai. Isra'ila ta rasa kimanin 30, ta kuma bar wasu tankokinta a fili, waɗanda aka ja zuwa Amman jama'a suka yi ta kallo. Wanda ya tsaya a kan allon zai ce Isra'ila ta cim ma yawancin abin da ta fito nema. Sai dai ranar 24 ga Maris Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi tir da harin baki ɗaya a ƙuduri mai lamba 248, dubban matasa suka yi tururuwa zuwa ofisoshin Fatah suna neman a ɗauke su, kuma kafin shekara ta zagayo, a Fabrairun 1969, Arafat ya zama shugaban PLO. Ƙungiyar da aka fito murƙushewa, a wannan rana aka yanke mata cibiya a matsayin jagorar al'umma.

Abin da ya fi damuna a labarin shi ne yadda aka raba ganimar suna. Duk wanda ya karanta bayanan yaƙin da idon basira ya san cewa igwa da tankokin Jodan ne suka yi wa Isra'ila mafi yawan ɓarna. Amma kura ce ta sha bugu, gardi ya karɓi kuɗi. Hafsoshin Sarki Husaini sun ji zafin haka, ba su kuwa manta ba. Su kuma mayaƙan Falasɗinu, da labarin ya yi ta maimaituwa, suka fara gaskata shi fiye da yadda ya kamata. Suka riƙa yawo da makamai a titunan Amman, suna kafa shingayen bincike, wasu ɓangarorinsu na kiran a kifar da sarauta a fili. Ba na cikin masu ɗora musu laifin duka, domin mutumin da aka kora daga gidansa ba ya rasa dalilin fushi. Amma baƙon da ya ɗauki bindiga a zauren mai masauki ya kamata ya san ƙarfin mai gidan. A Satumbar 1970 rundunar da ta tsaya tare da su a Karama ita ce ta juyo musu da bakin igwa. Dubbai suka mutu, kuma zuwa Yulin 1971 an fitar da su daga Jodan gaba ɗaya.

Isra'ila ma ba ta fita da darasin kirki ba. Abin da hafsoshinta suka ɗauka shi ne a rage shiga da ƙafa, a ƙara amfani da jiragen sama, a kuma matsa wa ƙasar da ta ba mayaƙa masauki har ta gaji ta kore su da kanta. A Jodan dabarar ta yi aiki, saboda akwai sarki da runduna mai biyayya da za su iya ɗaukar wannan nauyi. Amma korar ba ta kashe matsalar ba, ƙaura kawai ta sa ta yi. PLO ta tare a Labanan, ƙasar da gwamnatinta ba ta da ƙarfin korar kowa. Sai aka koma gidan jiya: hari daga ƙetaren iyaka, ramuwa, sannan mamaya. A 1978 sojojin Isra'ila suka kutsa har Kogin Litani. A 1982 suka kai Beirut, suka yi mata ƙawanya, a ƙarshen Agusta Arafat ya hau jirgin ruwa, daga baya ya yada zango a Tunis.

A wancan karon an cim ma abin da aka kasa a Karama: an raba mayaƙan da iyaka da nisan dubban kilomita. Shekara biyar bayan haka, a Disambar 1987, boren Intifada ya ɓarke daga sansanin Jabaliya a Gaza, a cikin yankin da Isra'ila ke riƙe da shi da kanta, inda babu kogin da za a tsallaka. A kudancin Labanan kuwa sojojinta suka zauna har watan Mayun 2000, suna fafatawa da Hizbullah, ƙungiyar da babu ita a duniya ranar da tankoki suka haye gadar Alenbi.