Kowane Sauti da Unguwarsa

Duk wanda ya taɓa zama a situdiyo a Azare ya san sautin da mutum ya gyara da hannunsa ya fi wanda ya zo da manhaja daraja. Kalangun da ka shafe awa biyu kana rage masa kaifi, kana ƙara masa amo har ya yi kama da na makaɗin gaske, dukiya ne. Amma yawancin yaranmu sai su adana shi da suna irin "sabo", "sabo 2", "na ƙarshe", duk a folda ɗaya. Ranar da mawaƙi ya taso daga Jama'are ko Gamawa yana son kiɗan da aka yi masa bara, sai a shiga lalube, janareta na shan mai, shi kuma yana duban agogo. Wani daga nan ba ya dawowa.

Ni tsarin da muka tashi muka gani a masarautar Katagum nake bi: hakimi, dagaci, mai unguwa. FL Studio tana jera sautuka da sunan na'urar da ta haife su, amma ban taɓa ganin mawaƙin da ya shigo ya ce a ba shi Sytrus ba. Cewa yake yi waƙar kamu ce, ko bege, ko siyasa, ko ta hawan sallah. Waɗannan su ne hakimaina, manyan foldoji. Ƙarƙashin kowanne akwai dagatai: kalangu, mandiri, algaita, sarewa, murya. A unguwa kuma sautin ne kansa, da saurin kiɗan da watan da aka yi shi a jikin sunansa, misali "kalangu 120 Yuli".

Hawa uku, ba ƙari. In ya kai biyar, kai ma da ka gina sai ka ɓata a ciki.

Inda ake min gardama shi ne algaita, tunda tana shiga biki tana shiga sarauta. Na ce a ajiye ta gida biyu, fayil ɗin bai da nauyi, kuma ta biki ai ba ta kai ta fada kauri ba.

Masu fiyano ma haka. Yamaha PSR-S950 maɓallan ajiya 8 gare ta a kowane banki, don haka banki guda na ware wa kowane irin taro. Duk Juma'a kuma ina kwafe komai a filashi biyu, ɗaya ba ya kwana a shago.