Ruwa Ba Ya Tsami Banza



Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kasuwar hatsi na yarda da wannan magana. A bakin tafkin ninƙaya na gida kuwa, wanda yara ke kira suwimin ful, ido ba ya sanin komai. Ruwa zai iya yin garau har ka ƙirga tayil ɗin da ke ƙasa, alhali babu ɗigon maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikinsa.

Shekara biyu ke nan ina kula da irin wannan tafki a wani gida a nan Kano, sau uku a mako. Difiloma na yi a fannin kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje, kuma wannan ne aikin da ya fara shigowa hannuna bayan na gama. Abokai na tsokana ta da "mai gadin ruwa", ni kuwa sunan bai taɓa yi mini zafi ba, don gadin nake yi.

Tsawon tafkin mita 8 ne, faɗinsa mita 4, zurfinsa a tsakaice mita ɗaya da rabi. Lita 48,000 ke nan. In ka auna da jarkar 'yan ga-ruwa mai lita 25, jarka 1,920 ce zaune a bayan gida ɗaya. Wannan lissafin shi ne ke sa ni tashi da sassafe. Ruwan da aka kula da shi zai daɗe ƙwarai ba a zubar ba, sai dai a riƙa ciko. Wanda aka yi wa sakaci kuwa, cikin 'yan kwanaki zai koma kore, maigida ya ce a kwashe a zuba sabo, a unguwar da bayan katanga mata ke jiran mai kura tun asuba.

Abu na farko da nake aunawa shi ne pH, wato ma'aunin tsami da kanwa. Duk wanda ya taɓa shan kunun tsamiya da kunun kanwa ya san gefe biyun nan. Ma'aunin yana tashi daga 0 zuwa 14, 7 ne tsakiya. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Sorensen, shi ya fito da shi a 1909. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne, don haka tazarar da ke tsakanin 7 da 8 ba ƙarama ba ce. Ruwan ninƙaya ana so ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. In ya sauka ƙasa da haka, sai ya fara cin ƙarfen tsani da simintin da ke tsakanin tayil, ya riƙa yi wa mutane zafi a ido. In ya haura, sai ya yi hazo, farin dafi ya kama bango kamar na cikin tsohuwar butar shayi.

Aunawar ba ta da wuya. Zan ɗebo ruwa daga zurfin da hannuna ya nutse har gwiwar hannu, in ɗiga wani jan sinadari a ciki. In ruwan na da tsami sai ya koma ruwan ɗorawa, in kanwa ta yi yawa ya yi ja mai duhu. Duk macen da ta taɓa jefa kanwa a zobo ta ga launinsa ya sauya, ta riga ta ga yadda abin yake aiki.

Na biyu shi ne kulorin, maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta da gansakuka. Ana so a samu miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita. Garin da muke amfani da shi kusan kashi 65 cikin ɗari ne kulorin, saboda haka in ina son ɗaga tafkinmu da miligiram ɗaya, kusan giram 75 zan auna. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ƙarfin kulorin a hannun pH yake. A 7.5 kusan rabinsa ne ke cikin siffar da ke kisa da sauri. A 8 bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Mutum zai iya juye bokiti guda, kuɗinsa su tafi, ruwan bai gyaru ba. Shi ya sa nake fara daidaita pH kafin in taɓa kulorin.

Akwai na uku da ke riƙe pH kada ya riƙa tsalle-tsalle, wato yawan gishirin kanwa da ke narke a ruwan, wanda ake so ya kasance miligiram 80 zuwa 120 a lita. In ya yi ƙasa, bekin soda irin na masu yin kek ake ƙarawa.

Bayan Sallar bara ne na fi ganin amfanin waɗannan lambobi. Jikokin gidan da 'ya'yan baƙi sun wuni biyu a cikin ruwa. Da na zo, tun daga ƙofa wari ya tare ni, ruwan ya yi fari-fari kamar an wanke shinkafa, yara uku idanunsu jajur. Hajiya ta ce, "Kai yaron nan, maganinka ya yi yawa, za ka makantar mini da jikoki." Alhaji kuma ya ce a kira masu tanka a kwashe kawai.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu. In bai gyaru ba sai a kwashe."

Na yi gwajin a gabansu. Ƙwayar gwajin da ya kamata ta mayar da ruwa ruwan hoda, da ƙyar ta sauya shi. Wato kulorin mai aiki ya kusa ƙarewa. Warin da ake cewa na kulorin ne, a gaskiya warin kulorin da ya riga ya haɗu da gumi da fitsari da man shafawa ne. Wannan haɗin shi ke sa ido ja, kuma ba ya kashe cuta yadda ya kamata. Maganinsa ƙarin kulorin ne mai yawa a lokaci guda don ya ƙone dattin. Hajiya ta dube ni kamar na zautu.

Na sauke pH daga 8 zuwa 7.3. Bayan magariba na narkar da kusan giram 750 na garin na zuba, na roƙi Baba maigadi kada ya bari a kashe janareta, don injin da ke tura ruwa cikin tukunyar yashi ya kwana yana tacewa. Washegari na sa alif, irin wanda iyayenmu ke jefawa a randa in ruwa ya gurɓace. Dattin ya dunƙule ya kwanta a ƙasa, na zuƙe shi waje. Ranar ta uku, da na ga kulorin ya sauko zuwa 3, na ce yara su shiga. Abin da muka yi asara bai kai kashi ɗaya cikin goma na ruwan ba. Tun daga ranar Hajiya ta kafa doka: ba mai shiga sai ya watsa ruwa ya kuma zaga banɗaki. Yaron da ke gudawa kuwa ba ya shiga sam, domin akwai ƙwayar cutar gudawa da ke iya kwanaki a cikin kulorin ba ta mutu ba.

Kowane lokaci na shekara da irin rigimarsa. Da hunturu ƙura ce, kullum sai an share ƙasa an wanke matata. Da bazara rana ce ke cinye kulorin cikin 'yan sa'o'i, shi ya sa nake zubawa da yamma, kuma ake sa wani sinadari da ke yi masa laima, miligiram 30 zuwa 50 a lita. Shi ma in ya yi yawa sai ya daƙile kulorin ɗin. Kowane santimita ɗaya da rana ta shanye a tafkinmu lita 320 ne, kuma in aka cika da ruwan burtsatse mai sinadarin ƙarfe, yana haɗuwa da kulorin sai ya koma launin shayi. Da damina kuwa, ruwan sama ɗaya ya isa ya birkita komai, gansakuka ta taso. Ko a gasar Olamfik ta 2016 a birnin Riyo na Burazil, tafkin masu tsalle ya koma kore a idon duniya, bayan an zuba wani sinadari da ya kashe ƙarfin kulorin.

Ga duk wanda zai taɓa waɗannan kaya, abu biyu nake roƙo. Kada a taɓa haɗa kulorin da asid a mazubi ɗaya, ko a ajiye su kusa da juna, domin iskar da ke tashi tana iya kashe mutum. Sannan asid ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a cikin asid.

Na san da yawa cikinmu ba mu da tafkin ninƙaya, wataƙila ma ba mu taɓa shiga ba. Amma muna da tankin sama da rijiya da randa, kuma duk da ido muke yanke musu hukunci. A wanke tanki, a rufe randa, a tafasa ko a sa maganin ruwa daidai yadda aka rubuta a jikin kwalba, musamman idan damina ta ƙarato. Masu tafki kuma, don Allah kafin ku kira masu tanka, ku sa a auna tukuna.