Sunayen da ke bisa ƙofar lise ɗinmu

Duk shekara in sakamakon bak ya fito, wayar gidan rediyo ba ta hutawa. Iyaye na kira a yi musu gaisuwar ɗiyansu da suka samu, mu kuma muna karantawa da murna. Sai dai in mun tambayi lakwal ɗin da yaron ya fito, sau da yawa sunan wata firibe muke ji, ta kuɗi. Abin yana taɓa mu, don mu ɗiyan lise ta gwamnati ne.

Ku dubi sunayen da aka rubuta bisa ƙofofin nan. A Damagaram, Amadu Kuran Daga, sarkin da a zamaninsa aka kashe kaftin Kazamaju a 1898, shi ma Faransawa suka kashe shi a 1899. A Maraɗi, Ɗan Baskore, Sarkin Katsinan Maraɗi, ga kuma lise teknik mai sunan Ɗan Kasawa. A Tawa, Agabba, ɗan sarkin Agadas da ya ci Adar. A Doso, Sarauniya Mangu ta Lugu. A Yamai, tsohuwar Lise Nasiyonal ce ta zama Isa Korombe. Mun shekara uku muna wucewa ƙarƙashin irin waɗannan sunaye kullum da safe, kuma, mu faɗi gaskiya, da yawanmu sai da muka girma muka san ko su wane ne. Juyin juya halin Faransa na 1789 kam mun haddace shi tsaf.

Kafin samun ƴancin kai a 1960, wanda ya yi ƙoƙari sai an kai shi waje, kamar yadda su Bubu Hama da Diori Hamani suka tafi William Ponty a Senegal. Waɗannan lise su ne suka kawo karatun kusa da gida. Yaro ya ci birbe a CEG ta ƙauyensu, a turo shi birni da ƴar akwatinsa da tabarma, ya sauka gidan wani dangi ko abokin babansa. Ɗan manomi da ɗan alhajin kasuwa tabur-ban ɗaya, littafi ɗaya. Daga nan likitoci, alƙalai, injiniyoyin ma'adinai da malaman jami'ar Abdu Mumuni da yawa suka fito.

Mu da muka shiga segwand a shekarun 2000 mun tarar da abin ya fara lalacewa. Aji cike maƙil, mutum uku ko huɗu bisa tabur guda. Yawancin malamanmu ƴan kwantiragi ne, wata ya ƙare ba a biya su ba, su tafi yajin aiki; suna dawowa mu kuma ƴan lakwal mu fita namu. Ɗakin gwaje-gwajen kimiyya kuwa, a tamu lise ɗin da kwaɗo muka san shi. Amma akwai wani mushe na lissafi, Allah ya saka masa, da yake tara ƴan seri C da D ranar Asabar ƙarƙashin bedi, ba ya karɓar ko dala. Ranar da shugaban juri ya riƙe takarda yana kiran sunaye, shi ma yana nan tsaye bayan taro, ya fi mu zufa.

Yau mu ɗin nan, da albashi ya ɗan zauna, firibe muke kai namu ɗiyan. Ba mu ga laifin kowa ba, mu ma ciki muke. To amma ɗiyar mai tallar fura da ta ci birbe bana, ina za ta? Can dai inda muka baro.

Muna da gurup na tsoffin ɗalibai a WhatsApp, kusan kowace furomosiyon da nata. Biki, suna, rasuwa, nan da nan an haɗa kuɗi. Satin da ya wuce wata ƴar ajinmu ta ce kowa ya kawo jika biyar a gyara tebura kafin a koma lakwal a Oktoba. Mutum shida suka amsa, mun rubuta namu na bakwai.