Ƙura Ta Yi Ɓarna, An Doki Yaro

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili cikin jaridan nan tamu, in ba 'yan'uwa labarin wani abu da ya same ni a nan Romi, kudu da Kogin Kaduna, cikin hunturun 2024. Na san waɗansu malamai za su ce, me ya haɗa dattijon malamin makaranta da akwatin wasan yara har zai ɓata tawada a kansa? To, su yi haƙuri su karanta har ƙarshe, gama akwatin nan ya kusa raba ni da maƙwabcin da muka shekara 19 muna zaman lafiya, ya kuma sa aka doki yaro a kan laifin da bai yi ba.

Asalin maganar shi ne, ƙanena ya rasu ya bar mata da 'ya'ya huɗu, albashina kuwa ba ya isar gida biyu. Sai na yi shawara na sayi akwatin wasa na hannu, irin wanda a ke kira PlayStation 2, da tsohon talabijin da benci, na kafa wa babban ɗansa rumfa a ƙofar gida. In an taso daga makaranta yaran unguwa sukan taru su biya su buga ƙwallo a jikin talabijin, bi da bi. Abin da a ke samu ba yawa, amma da shi uwarsu ta ke cefane, daga ciki kuma a ke tara kuɗin jarrabawar yaron. Watau abin da wani ya ke kira wasa, a gidan nan tukunyar tuwo ne.

Ran nan da la'asar, cikin watan Janairu, aka sa faifan ƙwallo, akwati ya yi ta ƙugi yana ƙyas-ƙyas, ya ƙi karantawa. Aka fitar aka goge da gefen riga, aka hura, aka mayar, shiru. Da na dawo na tambayi wanda ya taɓa shi daga ƙarshe, sai yara suka ce ɗan maƙwabcina ne, wani yaro mai shekara 11, har ɗaya daga cikinsu ya ce ya ga ya sa yatsa ciki. Ni kuwa ban tsaya bincike ba. Na kama hannun yaron a gaban 'yan'uwansa, na ja shi har shagon ubansa, wanda ya ke tela ne, na ce, "Maigida, ɗanka ya kashe abincin marayu, sai ka biya." Mutumin nan bai yi mini gardama ba ko kaɗan. Ya ce, "Malam, tun da kai ka faɗa, haka ne." Daren nan muna ji ta katanga yana dukan yaron, yaro yana rantsuwa bai taɓa kome ba sai faifai. Kashegari ya aiko da rabin kuɗin gyara, ya ce saura sai ƙarshen wata.

Na ɗauki akwati na kai wa wani saurayi mai gyaran waya kusa da mu, don na ji yana da araha. Bai tambaye ni kome ba. Ya buɗe, ya murɗa wani ɗan ƙanƙanen noti da sukudireba, ya sa faifai, sai ga 'yan ƙwallo sun fito fili. Na biya na dawo ina murna. Kwana huɗu tsakani akwati ya sake tsayawa, wannan karo ko ƙugin kirki ba ya yi.

Sa'an nan ne wani abokin aikina ya kwatanta mini wani tsoho a babbar kasuwa, ƙetaren kogi, wanda ya fara da gyaran rediyo, ya koma bidiyo, har zamani ya kawo shi ga waɗannan akwatuna. Ran Asabar na hau mota na ƙetare gada na same shi. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, bai taɓa sukudireba ba sai da ya gama yi mini tambayoyi, kamar alƙali. Faifai ɗaya ne ya ƙi, ko duka? An gwada faifan a akwatin wani? In an rufe murfi, ana jin faifai yana juyawa? Kafin ya tsaya ɗungum, ya daɗe yana jinkirin tashi? Wannan ta ƙarshe ta sa na yi shiru, gama na tuna tun kaka yaron ƙanena ya ke ce mini sai an sa faifai sau biyu sau uku kafin ya kama, ni kuwa na ce masa ya yi ta lallaɓawa.

Ya karɓi faifanmu ya sa a nasa akwatin, ya tashi nan da nan. Ya ce, "To, faifai ya kuɓuta." Ya sa shi a namu, ya kara kunne, ya ce injin da ke juya shi yana da rai, 'yan maɓallan da ke shaida wa akwati an rufe murfi su ma lafiyarsu lau. Sai ya ɗauko faifan waƙa ya sa, waƙa ta tashi. Ya sa wani faifan wasa mai shuɗin ciki, ya tashi. Ya mayar da na ƙwallo, mai farin ciki kamar azurfa, ya ƙi. Ya dube ni ya ce, "Malam, ciwon a ido ya ke, kuma rabin idon ne ya mutu."

Ga bayanin da ya yi mini, na kuma ƙara da abin da na karanta daga baya, don amfanin masu karatu. Faifan nan ba allura ke karanta shi ba kamar na garmaho. A jikinsa akwai layi guda siriri wanda ya nannaɗe tun daga tsakiya har baki, cike da 'yan ramuka waɗanda idon mutum ba ya gani. A ƙarƙashin faifai akwai ɗan gilashi kamar ƙwayar dawa, shi masu gyara ke kira ido. Yana harba haske, haske ya bugi faifai ya dawo, akwati ya karanta bambancin rami da sarari. Faifan kuwa iri biyu ne. Akwai CD, wanda kamfanin Philips da Sony suka fitar a 1982, da haske wanda ido ba ya gani sosai a ke karanta shi. Akwai DVD, wanda ya fito a Japan a 1996, da jan haske a ke karanta shi, yana kuwa ɗaukar abin da ya fi na CD sau shida. Dalili, layukansa sun fi matsuwa ƙwarai, har wajen layi 100 za su shiga cikin kaurin gashin kai guda. Saboda haka idon akwatin nan fitila biyu gare shi, ɗaya tana iya gajiya ɗaya na aiki, kuma 'yar ƙurar da CD zai haƙura da ita, DVD ba zai haƙura ba.

Sa'an nan ya miƙo mini madubin ƙara girma ya ce in duba da kaina. Wallahi, Malam Edita, na ga ƙura ja ta kwanta bisa gilashin, ta kuma shige har ƙarƙashinsa inda ɗan madubi ya ke. Na ce, "Baba, an ce wani yaro ne ya sa yatsa." Ya ce, "Yatsa maiƙo ya ke bari a sama, ban kuwa ga maiƙo ba. Wannan ta ƙarƙashi wane yatsa zai kai wurin? Ƙurar shekaru ce, hunturun bana ya cika ta." Ya ce notin nan da saurayi ya murɗa, na ƙara wa fitila ƙarfin wuta ne. Fitila ta riga ta tsufa, ƙura ta rufe ta, maimakon a share sai aka tilasta ta, ta ƙone. Garin gyaran gira aka rasa ido ke nan. Da tun kaka na kawo, da auduga da ɗigon sifirit sun isa. Ya sa sabon ido, na biya ninki uku na abin da na ba saurayin.

Ba kuwa laifin maƙeransa ba ne. An fara sayar da irin akwatin nan a Japan a 2000, siririnsa mai murfi a sama irin namu ya fito a 2004, an daina ƙera shi a 2013 bayan an sayar da fiye da miliyan 150. Ashe duk wanda ke hannunmu yau ya haura shekara goma, ya yi aiki a ɗakin wani a wata ƙasa, kāna muka ajiye shi a rumfa bakin hanya, murfi a buɗe, iskar arewa tana zuba masa ƙurar Sahara tun daga Nuwamba har Fabrairu.

Da na dawo ban shiga gida ba. Na sayi goro na nufi shagon tela, na mayar masa da kuɗinsa, na gaya masa duk yadda aka yi. Ya daɗe yana duban keken ɗinkinsa, sa'an nan ya ce, "Malam, kuɗi sun dawo. Bulalar fa, wa zai mayar?" Ban sami amsa ba, har yau kuwa ban samu ba. Abin da na iya shi ne, na tara yaran a rumfa, a wurin da na kama hannunsa, na ce na yi kuskure, na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe, amma sai da aka yi wata biyu kafin ya sake zama a bencin nan.

To, ga shawarata ga duk mai irin wannan akwati, ko na'urar kallon faifai. Da fari, in ya ƙi karatu, a gwada faifai dabam-dabam, a kuma gwada wanda ya ƙi a akwatin wani. Na biyu, a goge faifai da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada a bi shi zagaye, gama ƙarzuwar da ta bi layi ita ta fi ɓarna. Na uku, a cire wuta, a shafi ido a hankali da tsinken auduga da ɗigon sifirit, a bari ya bushe, kada a hura da baki. Na huɗu, a guji faifan kwafi maras kyau, don yakan sa ido ya yi ta maimaita karatu har ya gaji. Na biyar, a ɗinka masa riga a rufe shi in an tashi, amma ban da sa'ad da ya ke aiki, kada zafi ya kama shi. Na shida, duk mai gyaran da ya ɗauki sukudireba bai tambaye ka kome ba, karɓi kayanka.

Ina kuma roƙon hukuma da shugabannin makarantun sana'a su dubi irin tsohon nan. Kaduna gari ne na masu aikin hannu, kowa ya shiga Panteka ya gani. Ya kamata a riƙa haɗa samarinmu masu gyara da irin waɗannan dattawa, su koyi bincike kafin kwancewa. Mu kuma malamai, da mu ke hukunta yara kullum bisa "an ce", mu tuna mutane sun ce zato zunubi. Rigar da akwatinmu ke sanye da ita yanzu, tela ne ya ɗinka, ya kuma ƙi karɓar ko kwabo.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta,
Romi, Kaduna.