Abin da Wawan Wasa Ya Koya Mini

Na yi shekaru ina kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo a makarantar da nake koyarwa, kuma babu rawar da ke ba ni wuya wajen rabo kamar ta wawa. Kowane yaro zai iya fitowa a sarki: a naɗa masa rawani, a ce ya yi magana da ƙasaita, shi ke nan. Wawa kuwa sai wanda ya fi sauran basira, wanda ya san inda zai saki magana da inda zai yi tsit ya zare ido. Darasina na farko ke nan: wautar dandali sai mai hankali.

Na biyu a taron iyaye na same shi. Shugaban makaranta ya daɗe yana roƙon magidanta su riƙa saya wa 'ya'yansu littattafai, jama'a na ta hamma. Da aka ba mu fili, wani ɗalibina ya fito a maigidan da ya rantse wa matarsa ba shi da ko sisi, ya zarce teburin mai shayi ya sa aka soya masa ƙwai, yana ci yana waige-waige. Ɗansa ya iske shi da maganar kuɗin littafi, sai ya cusa burodin cikin hula, ya hau kukan tsadar rayuwa da baki cike. Mata suka ɗauki shewa, maza da yawa na dariya kai a sunkuye. Kafin mako ya zagayo, yara da dama sun zo da sababbin littattafai. Abin da wa'azi ya kasa isarwa, raha ta isar, ba tare da an kira sunan kowa ba.

Wannan hikima gado ce. A fada, wawan sarki kan faɗi abin da fadawa ke tsoron furtawa, a yi dariya, amma saƙo ya shiga. 'Yan kama kan kwaikwayi malami yana jan baƙi, alhali karatun duk na tuwo ne da miya, mai kwaɗayi ya tsargu. Daga goma ga azumi tashe ke fitowa, a Kano Nalako ya bi gwauraye da zolaya don su yi aure. Usman Baba Pategi, wanda shi kansa tsohon soja ne, ya yi amfani da rawar Samanja da Hausarsa ta bariki ya nuna halin soja da farar hula a rediyo da talabijin na Kaduna. Rabilu Musa Ibro kuma, wanda ya yi aikin gidan yari kafin ya rungumi fim, ya shigar da camama kusan kowane gida.

Darasi na uku shi ne iyaka, kuma shi na fi tsanantawa a kai. Yara kan so samun dariya ta hanya mai sauƙi: kwaikwayon mai in'ina, ko tafiyar gurgu, ko karyewar harshen wata ƙabila. Dokata ɗaya ce: hali ake yi wa dariya, ba halitta ba, domin hali ne mutum ke iya gyarawa. A wasannin Ibro da suka fi zama a raina, shi ne makwaɗaicin, shi ne matsoracin, shi ne maƙaryacin da asirinsa ke tonuwa, kunyar a kansa take sauka. Shi ya sa nake takaicin masu tare dattijo ko almajiri a titi su wulaƙanta shi a gaban waya don tara mabiya a TikTok. Wawan ƙwarai kansa yake fara kayarwa, ba ya hawa kan mai rauni.

Na ƙarshe wani uba ne ya koya mini, ranar da ya zo ya ce: "Malam, don Allah a daina ba ɗana rawar wawa, kar a raina shi." Na fahimci damuwarsa, domin mukan sha dariyar mai barkwanci, sannan mu ɗauke shi marar aikin yi. Sai da Ibro ya rasu a Disambar 2014 mutane da yawa suka gane girman giɓin da ya bari. Mai ɗebe wa jama'a kewa, ya kuma gyara musu hali, ya cancanci girmamawa tun yana raye. Wanda Allah ya ba shi ɗa mai wannan baiwa, ya koya masa iyakarta, kada ya kashe masa ita.