Allon da ke bin rana

A Fashaga, ƙasar noma da ke kan iyakar Sudan da Habasha, rana ba ta rowa. Riɗi da dawa sun dogara da damina, amma mai lambu a bakin kogin Atbara ko Setit famfo yake nema, famfo kuwa yana son wuta. Madatsar da aka buɗe kan kogunan nan biyu a 2017 ba ta kai waya kowace gona ba.

Shi ya sa nake yawan tunanin na'urar da ke juya allon sola. Rana na matsawa digiri 15 kowace awa. Allon da aka kafe ba ya fuskantarta sosai sai wajen tsakar rana, mai juyawa kuwa yana bin ta daga hantsi har la'asar, ya ƙara wutar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Dabarar tsohuwa ce ma: a 1913 Frank Shuman ya kafa madubai masu bin rana a Ma'adi ta Masar, suna jawo ruwan Nilu.

Sai dai duk abin da ke motsi yana lalacewa. Ƙura na shiga haƙoran ƙarfe, laka na riƙe hanya da damina, makaniki kuma yana can birnin Gadarif. Ga ƙaramin manomi, na fi natsuwa da allon da zai juya da hannunsa safe, rana da yamma, ya share masa ƙura.