Kuɗin Auduga da Gurasar Kano

A ƙasarmu, tsakanin Funtua da Malumfashi, manomi ba ya sanin hutu sai hunturu ya kankama. Sai an ɗaure dammunan dawa an zuba a rumbu, an ɓare masara, an yi tsinkar auduga ta ƙarshe an kai ta kasuwa ta hau sikeli, sannan magidanci zai miƙe ƙafa a zaure ya fara lissafin abin da zai yi da guminsa. Wani ya ƙara aure, wani ya sayi keke ko rediyo, wani ya nemo shanun huɗa. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, tasa sha'awar daban ce. Idan shekara ta yi kyau Kano yake tafiya, ba asibiti ke kai shi ba, ba kuma sari ba. Gari yake zuwa gani, ya ci abincin birni, ya kuma tafi da wanda ya fi ƙwazo a gona cikin 'ya'yansa.

Ƙarshen shekarun 1980 nake magana, daidai lokacin da aka yanke mana Jihar Katsina daga Kaduna a 1987. Noma na da daraja a lokacin. Shirin bunƙasa noma na Funtua, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, ya riga ya saba wa mutanenmu da takin zamani da sabon irin masara, har masarar da a da ake shukawa a bayan gida don gashi ta zama abin sayarwa buhu-buhu. Auduga kuwa tun zamanin Turawa take riƙe da ƙasar. Injinan gurza na Funtua da Malumfashi ba sa hutawa da rani, masaƙar Funtua na ta aiki. Kuɗin da Baba ke ƙullewa a aljihun 'yar shararsa ranar tafiya daga nan suka fito, babu bashin kowa a ciki, kuma wannan ya sa yake taka ƙasar Kano da ƙarfinsa.

Da asuba muke fita, sanyi na ratsa ƙashi. A tashar Malumfashi mu shiga Fijo mai dogon baya, direba ya danna kaset ɗin Shata, wanda mutanen Funtua ke ɗauka ɗan gida ne. Mu wuce Dayi, mu wuce Gwarzo da Rimin Gado, sai ga gine-ginen sabon mazaunin Jami'ar Bayero, daga nan kuma motoci su fara yawa har mu iso Kabuga. A nan Baba kan taɓa ni ya nuna mini badala, ya ce ta wannan gefen sojojin Turawa suka shiga Kano a 1903.

Muna sauka ne a gidan ƙanwarsa da ke aure a cikin birni, wani lungu da ba shi da nisa da Mandawari. Tun daga soro take jiyo sallamarsa.

"Maraba da Yaya! Ya hanya? Ya mutanen gida, ya Inna da jiki?"

Sannan ta juyo kaina, da yake sunan mahaifinsu na ci: "Babana, kai ne ka yi tsawo haka? To zauna, yau za ka ci abin da babu shi a garinku."

Gurasa take nufi. Ba a gida ake yin ta ba, ana aika yaro ne wajen matan da suka gaji sana'ar. Daga baya na roƙa aka tafi da ni, na ga yadda abin yake. Ana kwaɓa garin alkama a bar shi ya tashi, a hura wuta a cikin tanderu, wata babbar tukunyar ƙasa, har jikinta ya ɗauki zafi. Sai mace ta ɗebi kwaɓin ta faɗaɗa shi a tafin hannu, ta zura hannun cikin wannan zafi ta manna shi a jikin tukunyar, ta fito da hannun ta sake ɗebo wani, tana yi tana hira da maƙwabciyarta. Kanawa suna danganta gurasa da Larabawan fatake da suka zauna a birnin tun zamanin ayarin raƙuma, amma a hannun matan nan ta zama 'yar gari. Gwaggo kan yi mana bandashe da ita: a ɗan jiƙa gurasar ta yi laushi, a barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli mai yaji, a kwarara man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir a kai. Na ci abinci iri-iri a rayuwata bayan wannan, a garuruwan da suka fi Kano nisa, amma babu wanda nake jin ɗanɗanonsa a baki idan na tuna shi sai wannan bandashe na hantsin ranar isowarmu, ga ƙurar hanya ba ta ma bar gashin idona ba.

Shekarun nan gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama daga waje, tun daga 1987, burodi ya yi tsada, Gwaggo na ƙorafin gurasa ta ƙanƙance. Baba bai taya ta ƙorafin ba. Tambaya ya shiga yi: nawa ake sayar da kwanon alkama, shin ta Kadawa ce da ake nomawa da ruwan dam ɗin Tiga, wata nawa take yi kafin a yanke. Ya ɗebi garin ƙulin da yatsa ya ɗanɗana, ya ce wannan gyaɗar ta sha rana yadda ya kamata. Haka yake cin abinci a Kano, yana jin daɗinsa ƙwarai, yana kuma bin sawunsa har gonar da ya fito.

Washegari da sassafe Dala muke hawa, kafin rana ta yi zafi. Dutsen bai kai wasu duwatsun da na gani daga baya tsawo ba, amma ga yaron da bai taɓa hawa abin da ya fi kan rumbu da bishiyar ɗorawa ba, ƙarshen duniya ne. A nan aka ce Barbushe ya zauna da mutanensa tun kafin zuwan Bagauda, kuma daga gindin dutsen nan garin ya faro. Idan ka kai sama sai Kano ta buɗe maka ta kowace fuska: hasumiyoyin babban masallaci, Gidan Rumfa, Goron Dutse can gefe, sorayen ƙasa jajaye a manne da juna, kududdufai na ƙyalli a tsakaninsu, hayaƙin girkin safe na tashi yana gauraya da hazo. Baba ya daɗe a tsaye yana kallo, sannan ya ce da ni:

"Ka ga gidajen nan? Kowanne akwai tukunya a kan murhu yanzu haka, kuma ba ka ga gona ko ɗaya a tsakaninsu ba. To daga ina kake jin tuwonsu ke fitowa?"

Ban amsa ba, shi ma bai jira amsa ba. Amma tun daga ranar ban ƙara shiga wani birni ina jin ni ɗan ƙauye ne da ya zo kallon abin da ya fi ƙarfinsa ba. Kanawa na alfahari cewa duk abin da baƙo ya zo da shi zai tarar da wanda ya fi nasa, kuma suna da hujja, don garin ya tara. Sai dai abin da ya tara ɗin, da yawansa a bayan manyan motoci ya shigo daga irin garuruwanmu.

Gidan Makama mun shiga, mun ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan sarakuna. Gidan Zoo da Gwamna Audu Bako ya gina a farkon shekarun 1970 ma mun je, na ga zaki da jimina ido da ido, abin da na yi wata guda ina ba yaran unguwarmu labari. Waɗannan don ni ake zuwa. Inda Baba ke zuwa don kansa shi ne marinar Ƙofar Mata.

Rijiyoyi ne a jere a fili, an ce tun ƙarshen ƙarni na 15 ake rini a wurin. Ana haɗa baba da toka da katsi a ruwa a bar su su jiƙa kwana da kwanaki har su nuna. Marini ya zauna a bakin ramin ya tsoma farin yadi, ya ɗago shi, ya sake tsomawa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadin na fitowa da ruwan kore-kore, yana shan iska kuma sai ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonka. Can gefe 'yan bugu na dukan wanda ya bushe a kan gungume har ya yi sheƙi, ƙarar na tashi bi da bi. Baba kan tsuguna kusa da wani dattijon marini, su gaisa, ya ce, "Malam, sannu da aiki. Daga ƙasar Katsina muke, mu ne masu noma muku auduga." Dattijon ya ce, "A'a, ashe iyayen gidanmu ne! Sannunku da zuwa." Daga nan hira ta ɓarke, wannan na ba da labarin tsutsar da ta ci masa gona, wancan na faɗin yadda yadin kanti ke rage musu ciniki. Mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba, amma abu ɗaya suka yi wa hidima duk rayuwarsu, ɗaya a farkonsa ɗaya a ƙarshensa. Ban taɓa ganin Baba cikin natsuwa a wajen gonarsa kamar yadda nake ganinsa a bakin ramin nan ba.

Daga nan sai Kurmi, kasuwar da ake danganta kafuwarta da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Lunguna ne matsattsu, mutum biyu da ƙyar suke giftawa. Hanci ne ke gaya maka inda kake: warin jima a wajen dukawa, ƙamshin turaren wuta, sai citta da kanumfari da masoro. A nan yake saya wa Inna kayan yaji, ya saya wa kansa littafin addini. Atamfar matan gida kuwa sai Kantin Kwari, inda yake murza yadi tsakanin yatsunsa ya tambaya ko na Kaduna ne ko na Kano, don a lokacin tambayar na da ma'ana.

Dare na nama ne. Bayan isha'i mijin Gwaggo ya ja mu wajen mai tsire, wuta a tsakiya, tsinkaye a kafe kewaye da ita, mai na ɗiga yana ƙara. A zare naman a naɗe cikin gurasa mai ɗumi da albasa, mu ci a tsaye a bakin titi, bas-bas na wucewa, yaran mota na kiran Bata da Sabon Gari. Kilishi kuwa ba a ci a nan, na tsaraba ne. Agadasawa ake zuwa a saye shi, inda ake shanya naman da aka fere siriri a rana, a tsoma shi a kwaɓin tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, sannan a nuna masa wuta. A haɗa da alkaki da dubulan na Gwaggo, a ɗaure a kwali. Idan mun koma gida Baba ne ke rabon da hannunsa, gida-gida, har tsohuwar da ba ta da haƙorin taunawa sai an kai mata nata ta tsotsa.

Wata shekara kafin mu kama hanyar gida ya ce sai mun leƙa Dawanau, kasuwar hatsi da ke kan hanyar Katsina, wadda a lokacin ba ta daɗe da kafuwa ba. Buhuna ne jibge sun fi tsayin mutum, 'yan dako na sauke wata mota. Ya tambayi direban daga ina, ya ce daga Dandume. Wata kuma daga Bakori. Baba ya zura hannu a wani buhun da ya ɓule, ya ɗebo masara ya duba ƙwayarta, ya mayar, fuskarsa cike da fara'a. Bai sayi komai ba a kasuwar, gani kawai ya je yi.

Har yau ina zuwa Kano, kuma ba zan ce garin ya lalace ba. Ya faɗaɗa, ya yi gadoji, A Daidaita Sahu ta maye gurbin bas-bas ɗin da na sani, gurasa na nan, kilishin Agadasawa na nan, marina ma suna nan suna fama ko da yake ramuka da yawa sun bushe. Badala ce ke ba ni takaici, don an cinye ta da gine-gine a wurare da dama, kuma abin da aka rushe na ƙasa mai shekaru ɗaruruwa siminti ba ya mayar da shi. Amma canjin da ya fi yi mini ciwo a wajenmu ya faru. Masaƙun Kaduna da Kano sun rufe ɗaya bayan ɗaya, Kwari ta cika da yadin Sin, auduga ta rasa mai sayenta da daraja, gonakinta da yawa suka koma na masara da waken suya. Taki ya yi tsadar da manomi kan sayar da rabin amfaninsa tun kafin ya biya bashin damina. A yammacinmu, wajen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, shekarun baya-bayan nan akwai waɗanda zuwa gonar ma ya gagare su saboda 'yan bindiga. Mutumin da ke cikin wannan hali ba ya ware kuɗin mota don ya je ya kalli gari ya ci tsire.

Samarin ƙauyenmu na zuwa Kano yanzu fiye da yadda muka je, amma ci-rani ke kai su. Suna tura baro a Singa, suna dako a Dawanau, suna sauke buhunan da wataƙila daga gonakin iyayensu suka fito, su kwana a rumfar kasuwa, su ci garin kwaki don su tara abin komawa da shi kafin ruwa ya sauka. Na haɗu da wasunsu a bara, 'ya'yan abokan wasana, na saya musu bandashe muka zauna muka ci. Na tambaye su ko sun hau Dala. Kullum suna wucewa ta gindinsa, in ji su, amma babu wanda ya taɓa hawa a cikinsu.